Dunƙule Lambobi Masu Ɗigo da Tasirinsa a kan Jimilla

Tsakure

Wannan takarda ta dubi abin da ke samun jimilla idan aka dunƙule lambobi masu ɗigo kafin a tara su. Ta fitar da iyakar giɓin da zai iya aukuwa, da giɓin da aka fi gani a aikace, sannan ta raba tsakanin kurakuran da ke kashe juna da waɗanda ke taruwa gefe guda. An kawo misalai daga aji, da kasuwar hannun jari ta Vancouver, da rabon gado, da shari'ar zaɓen 1979. Matsayin takardar shi ne, dokar da muke koya wa yara doka ce ta lamba guda, alhali matsalar tana cikin jimilla.

1.0 Gabatarwa



Duk wanda ya ratsa firamare ya haddace dokar: dubi lambar da ke bin gurbin da kake so, in ta kai biyar a ɗaga, in ba ta kai ba a zubar. Da ita 3.46 ke zama 3.5, 3.44 kuma ta zama 3.4. Wannan shi ne abin da zan riƙa kira dunƙulewa. Idan kuwa aka yanke wutsiyar lamba ba tare da an duba ta ba, har 3.49 ta koma 3.4, wannan datsewa ce. Yara suna cin tambayoyin dunƙulewa a jarrabawa cikin sauƙi, domin kusan kullum lamba ɗaya ake ba su. To amma akawu da mai haɗa sakamakon jarrabawa da mai rabon gado ba lamba ɗaya suke riƙewa ba. Jeri suke riƙewa, kuma jerin dole ya tashi a kan wani adadi.

A ɗauki 1.4 sau uku. Jimillarsu 4.2, wadda ke dunƙulewa zuwa 4. In aka fara dunƙule kowace, an sami 1 + 1 + 1, wato 3. Babu wanda ya karya doka a cikin masu lissafin biyu, ga shi kuma amsa ta bambanta. Daga nan tambayoyin wannan takarda suka taso: giɓin nan ina iyakarsa, yaushe yake girma, kuma wa zai ɗauke shi?

2.0 Iyakar giɓi

Lambar da aka dunƙule tazara ce, ba tabo guda ba. Idan aka ce tsawon abu mita 2.4 ne bayan an dunƙule, abin da aka sani kawai shi ne yana tsakanin 2.35 da abin da bai kai 2.45 ba. Haka 3.7 tana tsakanin 3.65 da abin da bai kai 3.75 ba. A tara ƙananan iyakoki, a tara manyan, sai a ga ainihin jimillar tana iya faɗawa ko'ina daga 6.00 zuwa dab da 6.20. Ɗalibi zai rubuta 6.1 ya ja layi biyu, alhali 6.0 da 6.2 duk suna iya zama gaskiya.

Ƙa'idar a bayyane take. Kuskuren dunƙule lamba guda ba ya wuce rabin gurbin da aka tsaya a kai. Idan lambobi n ne, kuskuren jimilla ba zai wuce n/2 na wannan gurbi ba. Idan kuma aka kwatanta jimillar dunƙulallun lambobi da dunƙulalliyar jimilla, bambancin cikakkiyar lamba ce da ba ta wuce rabin n ba: ga lambobi biyu ko uku, ɗaya, ga huɗu ko biyar, biyu, haka har sama.

Akwai wani tarko da ya kamata a ambata tun nan, wato dunƙulewa sau biyu. Lambar 2.449 zuwa gurbi ɗaya 2.4 ce. Amma wanda ya fara kai ta gurbi biyu zai sami 2.45, daga nan ya ɗaga zuwa 2.5. A jami'o'inmu da ke aiki da ma'auni mai maki biyar, inda digiri mai daraja ta ɗaya ke farawa daga 4.50, wannan ba wasa ba ne: 4.4949 tana zama 4.495 a mataki na farko, ta zama 4.50 a na biyu, alhali dunƙulewa kai tsaye 4.49 za ta bayar. Haka ɗalibin da ya sami 14.5 a gwajin zango da 24.5 a jarrabawa yana da 39. Malamin da ya ɗaga kowane kafin ya tara ya ba shi 40. Ko ya cancanci a tausaya masa wata magana ce daban, kuma ta hukumar makaranta ce. Abin da bai dace ba shi ne a ce sakamakon yaro ya rataya a kan wane shafi malaminsa ya fara cikewa.

3.0 Kuskuren da ke kashe juna da wanda ke taruwa

Iyakar n/2 tana da ban tsoro a takarda, amma da wuya a kai gare ta, domin sai kowace lamba ta yi kuskure mafi girma kuma duk zuwa gefe guda. Abin da aka fi gani shi ne wasu su hau, wasu su sauka, su cinye juna. Idan aka ɗauka kuskuren kowace lamba yana iya faɗawa ko'ina tsakanin −0.5 da +0.5 ba tare da fifiko ba, kuma babu wanda ya dogara da wani, ma'aunin warwatsuwar kuskuren jimilla shi ne √(n/12). Wannan 1/12 tsohuwar sananniya ce ga masana ƙididdiga. Ita ce ke cikin gyaran da W. F. Sheppard ya kawo a ƙarshen ƙarni na 19 don bayanan da aka kasa rukuni-rukuni.

Misali zai fi bayani. An auna buhunan gero 12, an rubuta nauyin kowanne zuwa kilo mafi kusa, jimilla ta ba da kilo 600. A iyakance, ainihin nauyin yana tsakanin 594 da dab da 606. Amma √(12/12) ɗaya ce, don haka a kusan kashi 95 cikin ɗari na irin wannan awo, gaskiyar ba ta nisanci 600 da fiye da kilo biyu ba. Ga lambobi 10,000, iyakar takarda 5,000 ce, warwatsuwar kuwa kimanin 29 kacal. Wato in jeri ya ninka sau ɗari, kuskure sau goma kawai yake ninkuwa. Wannan shi ne dalilin da ya sa dunƙulewa ke aiki a duniya ba tare da littattafan asusu sun tarwatse ba.

Sai dai duk wannan kwanciyar hankali ta dogara ne a kan sharaɗi guda: kada kuskuren ya karkata. Da zarar ya karkata, ya daina bin tushen murabba'i, ya koma bin n kanta. Datsewa ita ce babbar mai laifi a nan, domin kullum ƙasa take ja, kuma matsakaicin abin da take zubarwa rabin gurbi ne a kowace lamba. Kamar mai awon da ke ɗan shafe bakin mudu ne: a mudu ɗaya ba ka gani, a buhu ɗari sai ka nemi tiya da yawa ka rasa. Lambobi 10,000 ɗin nan da dunƙulewa ta bar su da giɓin 29, datsewa za ta ci musu kusan 5,000.

Kasuwar hannun jari ta Vancouver da ke Kanada ta ɗanɗana wannan. A watan Janairu na 1982 ta buɗe sabon ma'aunin farashi a kan 1,000.000. Duk lokacin da aka yi ciniki, kwamfuta tana sake lissafa ma'aunin daga adadin da ya gabata, kusan sau 3,000 a rana, kuma tana datse shi a gurbi na uku bayan ɗigo. Kowace datsewa tana zubar da kimanin 0.0005. Wa zai kula da rabin kashi ɗaya cikin dubu? Amma a rana ana asarar maki ɗaya da 'yan kai, a wata kimanin 25. Ranar 25 ga Nuwamba 1983 ma'aunin yana kan 524.811, alhali kasuwar ba faɗuwa take yi ba. Da aka sake lissafin a ƙarshen makon, sai aka buɗe da 1,098.892. Fiye da rabin darajar ma'aunin ya zube ta wutsiyar lamba. In muka yi amfani da ƙa'idar √(n/12) a kan lissafi sama da miliyan ɗaya da aka yi a wannan tsakani, za mu ga cewa da dunƙulewa aka yi maimakon datsewa, da giɓin bai kai ko maki ɗaya ba.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a Dhahran ta Saudiyya ranar 25 ga Fabrairu 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha. Na'urar Patriot mai kakkaɓo makamai masu linzami tana ƙirga lokaci da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Lambar 0.1 kuwa ba ta da ƙarshe a tsarin sifili da ɗaya da kwamfuta ke aiki da shi, kamar yadda 1/3 ba ta da ƙarshe a namu tsarin na goma. An datse ta a gurbi 24, abin da ya bar kuskuren kimanin 0.000000095 na daƙiƙa a kowane bugu. Na'urar ta yi kusan awa 100 a kunne, wato bugu 3,600,000, kuskuren ya taru ya kai 0.34 na daƙiƙa. Makamin Scud yana cin fiye da rabin kilomita a wannan ɗan lokaci. Na'urar ta neme shi inda ba ya nan, ya faɗa kan masaukin sojoji, sojojin Amurka 28 suka mutu.

4.0 Biyar da ke tsakiya

Yanzu sai mu koma kan dokarmu ta aji, domin ita ma tana da 'yar karkata. Ɗalibai masu kaifin basira sukan ce an yi adalci: 0 zuwa 4 lambobi biyar ne suna sauka, 5 zuwa 9 biyar ne suna hawa. Amma sifili ba ta sauka ko'ina, a inda take take. Kurakuran 1, 2, 3, 4 suna kashe na 9, 8, 7, 6, sai a bar 5 ita kaɗai, kullum tana hawa da rabi ba mai biyan bashinta. Idan lambobin gurbi ɗaya ne bayan ɗigo, matsakaicin karkatar +0.05 ne. A lambobi 10,000 wannan 500 ke nan, a ajiye kusa da 29 na warwatsuwa a ga wanda ya fi. Inda kuwa rabi ya yi yawa, kamar makin jarrabawa da ake bayarwa rabi-rabi, karkatar tana ninkuwa: in rabin makin aji suna ƙarewa da .5, kowane ɗalibi ya ƙaru da rubu'in maki a matsakaici.

Maganin da aka daɗe da sani shi ne a tura rabi zuwa lambar cika mafi kusa, a guje wa mara: 2.5 ta koma 2, 3.5 ta tafi 4. Ta haka rabin biyar-biyar ɗin suna hawa, rabi suna sauka. Wannan ita ce dokar da ƙa'idar IEEE 754 ta 1985 ta ɗora kwamfutoci a kai. Sai dai manhajoji ba su haɗu a kan abu guda ba: umarnin dunƙulewa na Excel yana mayar da 2.5 zuwa 3, na Python 3 kuma yana mayar da ita 2. Ofisoshi biyu na iya riƙe bayanai iri ɗaya, jimillarsu ta saɓa, kowa yana rantsuwa cewa kwamfuta ce ta yi masa lissafi.

Lokacin dunƙulewa ma yana da nasa tasiri. Harajin kaya na VAT a Nijeriya ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020. Kaya uku, kowanne naira 33: harajin kowanne 2.475, ya dunƙule zuwa 2.48, uku su ba da 7.44. Harajin naira 99 a haɗe kuwa 7.425 ne, wato 7.43. Kwabo ɗaya ne, kuma kwabo ya daɗe da barin aljihunmu, amma bai bar rasit da littafin banki ba. Ƙasashen da suka yi tunani a kan wannan sun zaɓi a jinkirta. Da Kanada ta daina raba tsabar santi ɗaya a 2013, an tsara cewa jimillar ƙarshe kaɗai ake dunƙulewa zuwa santi biyar, ba farashin kowane kaya ba. Dokar Tarayyar Turai ta 1997 kan shigowar yuro ta hana a dunƙule ko a datse farashin canji, ta ce a riƙe shi da lambobi shida. Shi ya sa har yau yuro ɗaya sefa 655.957 ne. Ɗan kasuwar Maraɗi da ya ce 656 don sauƙin baki bai yi laifi ba a yuro goma, amma a yuro 100,000 ya kauce da sefa 4,300.

5.0 Jimillar da ba ta da damar motsi

Akwai lissafin da jimillarsa a ƙulle take tun farko: kaso cikin ɗari dole ya ba da 100, dukiyar mamaci dole ta ƙare daidai, kujerun majalisa ba sa ƙaruwa don lissafi ya yi kyau. Mosteller da Youtz da Zahn a 1967, sannan Diaconis da Freedman a 1979, sun nazarci sau nawa dunƙulallun kaso ke tashi 100 cif. Ga rukuni uku, yiwuwar 3/4 ce; ga huɗu, 2/3; ga rukunai da yawa tana kusantar √(6/πk), inda k ke nufin yawan rukunan. A jadawali mai layi 20, ƙasa da sulusi ke nan. Saboda haka mai duba kundin ɗalibi da ya ga 99.9 ko 100.1 a ƙasan jadawali bai kamata ya ɗaga jan biro ba. Wanda ya kamata a tsaya a duba shi ne kundin da dukkan dogayen jadawalansa ke ba da 100.0, domin akwai alamar an taɓa lambobin da hannu.

Malaman gado sun san wannan matsala tun kafin zuwan ɗigo, kuma hanyarsu ita ce su guje wa karaya gaba ɗaya: su nemo asalin mas'ala, su faɗaɗa shi har kowane magaji ya sami cikakken rabo. A mas'alar da aka sani da Mimbariyya, mamaci ya bar mata, 'ya'ya mata biyu, uwa da uba. Asalin 24 ne, auli, wato ɗaga asali idan rabe-rabe sun haura shi, ya kai shi 27: mata 3, kowace 'ya 8, uwa 4, uba 4. A kan takarda babu ragowa. Amma a kawo naira miliyan ɗaya. Mata ta sami 111,111.11, kowace 'ya 296,296.30, uwa da uba kowanne 148,148.15. A dunƙule zuwa naira, a tara, sai a sami 999,999. Naira ɗaya ta yi saura. Hanyar da aka fi sani ita ce a ba wanda ragowarsa ta fi girma, amma a nan 'ya'yan biyu ne ke da ita, kuma kunnen doki suka yi. Lissafi ya kai iyakarsa, sauran sai yafiya tsakanin magada.

Wannan hanya ta ragowa mafi girma ita ce Alexander Hamilton ya kawo don raba kujerun majalisar wakilan Amurka tsakanin jihohi, kuma tana da nata aibin. Bayan ƙidayar 1880 aka gano cewa jihar Alabama za ta sami kujera 8 a majalisa mai kujera 299, amma 7 a mai kujera 300. An ƙara abin rabo, rabon wani ya ragu. Daga baya Balinski da Young suka tabbatar cewa babu hanyar rabo da za ta tsira daga dukkan irin waɗannan aibobi a lokaci guda.

Mu ma muna da namu labarin. Dokar zaɓen shugaban ƙasa na 1979 ta ce wanda zai ci sai ya fi kowa ƙuri'a, kuma ya sami aƙalla rubu'in ƙuri'un da aka kaɗa a aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi. Jihohi 19 ne, biyu cikin ukunsu 12.67. Alhaji Shehu Shagari na NPN ya sami rubu'in a jihohi 12, a Kano kuwa, inda Malam Aminu Kano ya mamaye, ya tsaya a kashi 19.94 cikin ɗari: ƙuri'a 243,423 cikin 1,220,763. Abokin takararsa Cif Obafemi Awolowo ya ce jiha ba ta rabuwa, don haka 13 ake nufi. Richard Akinjide, lauyan Shagari, ya ce 12 da biyu cikin uku na ta goma sha uku ake nufi. Biyu cikin uku na ƙuri'un Kano 813,842 ne, rubu'insu 203,460.5, Shagari kuma ya haura haka. Ranar 26 ga Satumba 1979 Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓen, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa wa rinjaye. A matsayina na malamin lissafi ina ganin rauni a hujjar da ta yi nasara, domin an rage jimillar Kano zuwa biyu cikin uku amma an bar ƙuri'un ɗan takara a cike. Sai dai tushen rikicin yana ga masu rubuta dokar, da suka ajiye karaya a kan abin da ba ya karyewa ba su faɗi inda za a kai ta ba. Jihohin da aka yi bayan nan, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996, duk uku tana raba su.

6.0 Abin da za a kai aji

Shawarata ga masu tsara manhaja da masu fitar da tambayoyi ita ce a rage tambayar "dunƙule 7.386 zuwa gurbi biyu", a ƙara tambayoyin da ke tafiya a juye: a ba yaro dunƙulalliyar amsa, a tambaye shi me ainihin zai iya kasancewa. A koya masa ya riƙe dukkan gurabensa har layin ƙarshe, ya dunƙule sau ɗaya, ya rubuta dokar da ya bi. A kuma nuna masa inda dokar biyar ba ta da hurumi: fasinja 37 da mota mai cin 18 lissafinsu 2.06 ne, amma mota uku za a kira.

Ga tambaya guda da ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare zai iya kokawa da ita. Nemo lambobi uku masu gurbi ɗaya bayan ɗigo, jimillarsu 10.0, waɗanda in an dunƙule kowace za su ba da 11. Amsa ɗaya ita ce 3.5, 3.5, 3.0. Sai a nemi waɗanda za su ba da 9: 3.4, 3.3, 3.3. Sannan a ce ya kawo masu ba da 12. Zai yi ta gwaji har ya gane ba zai yiwu ba, tunda lambobi uku ba sa ƙaruwa da fiye da 1.5, a nan ya gano iyakar n/2 da kansa. Da lambobi huɗu kuwa abin na yiwuwa: 2.5 sau huɗu na ba da 12. Daga nan malam ya sa shi ya maimaita da dokar tura rabi zuwa lambar cika. Kowace 2.5 za ta koma 2, jimilla ta zama 8, giɓin biyu yana nan, gefe kawai ya sauya. Dokar cika tana gyara karkata ne a dogon jeri mai gauraye, ba ta yi wa lambobi huɗu masu kama ɗaya alkawarin komai ba.